Ɗana, Kafin Ka Kwance Tayar Mashin a Gida

Ɗana, tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin komai ya tashi, na lura samari da yawa sun daina kai mashin wajen bakanike a kan ƙaramin gyara. Juyen baƙin mai, ɗaure sarƙa, canza birki, cire taya a kai wa mai faci, duk yanzu a tsakar gida ko a zaure ake yin su ranar da babu aiki. Ban ga laifin haka ba, ina ma jin daɗinsa. Wanda ya san cikin abin hawansa ba a cika yi masa wayo a gareji ba, kuma kuɗin da ya rage ya sayi wani abin a gida. Abin da yake damuna ɗaya ne. Kuna koyon yadda ake kwance noti, kuna sayen sifana da fulogi, amma ba kwa tsayawa ku koyi yadda ake tsayar da mashin ɗin kansa kafin a taɓa shi. Yawancin raunin da na gani a wannan aiki daga nan ya fito.

Mashin yana yaudarar mai shi. Kullum kana tura shi da hannu ɗaya daga zaure zuwa ƙofar gida, sai ka ɗauka ba shi da wani nauyi. Tayoyi ne suke ɗauke maka. Irin mashinan da suka cika titunanmu, Bajaj Boxer da TVS da Jincheng da Haojue, nauyin yawancinsu yana haura kilo 100, wasu su doshi 130 idan tanki a cike yake. Buhun siminti kilo 50 ne. Ka ƙiyasta buhu biyu da rabi sun faɗo maka a ƙauri, kuma ba laushin buhu gare su ba, ƙarfe ne mai kusurwa da salansa mai zafi. Manyan mashinan gudu da wasu abokanka suke sha'awa kuwa, da yawansu sun kai kilo 200.

Na san inda kuke kwaikwayo. Kun ga bakanike a bakin titi ya karkata mashin a kan ƙafar gefe, ya cusa dutse a ƙarƙashi, cikin minti kaɗan taya ta fita. Rabin abin kuka gani. Ba ku lura cewa yaransa biyu suna tsaye ba, ɗaya riƙe da kai, ɗaya da kariya. Ƙasar wurin ta sha baƙin mai da takun ƙafa shekara da shekaru har ta zama kamar daɓe, kuma dutsen nan ya san wace fuskarsa ce take zama daidai. Hannunsa ya saba jin lokacin da mashin zai fara tafiya tun kafin ido ya gani. Duk da haka, in ka zauna da tsofaffin kanikawa ka dubi hannayensu da ƙafafunsu, za ka ga kowa da tabonsa. Kai kuma kai kaɗai ne a gida, a kan ƙasar da ba ka gwada ba, ga yara suna wasa kusa da kai.

Saboda haka ka fara da ƙasa. Wurin da ya fi shi ne daɓen siminti mai shimfiɗe. Tsakar gida sau da yawa an yi mata ɗan gangare don ruwa ya bi ta rariya, gangaren da ido ba ya gani amma taya tana jinsa. Ka sa mashin a firi ka sassauta riƙo, in ya nemi gangarawa, wurin ba daidai yake ba. Ƙasar damina tana haɗiye ƙafar mashin a hankali, kana cikin aiki ƙafa ɗaya tana nutsewa ba ka sani ba. Yashi ma haka, kwalta ma takan yi laushi a zafin bazara. In babu wani wuri sai irin wannan, ka shimfiɗa faffaɗan katako mai kauri yadda ƙafafun za su zauna a kansa gaba ɗaya. Ka share wurin, ka kawar da bokiti da buta, ka bar wa kanka filin da za ka ja baya in ta kama. Kuma ka sa takalmi mai rufe yatsu. Silifas a wurin da baƙin mai ya ɗiga santsi ne kawai.

Kafin ka ɗaga komai, akwai ƙananan abubuwa da ba sa cin lokaci. Ka bar inji ya huce, ka zare makulli ka sa a aljihu, ka rufe makunnin man da ke ƙarƙashin tanki, don mashin mai kafireta in ya karkata sosai fetur yakan tsiyayo. Ka dubi inda murhu yake. A gidajenmu da yawa wurin girki da wurin ajiye mashin ba su da nisa, kuma tururin fetur ya fi iska nauyi, ƙasa yake bi yana rarrafe har ya iske garwashi. In mahaifiyarka ta hura wuta, ka jira ta gama ko ka fita waje. Haka nan kada ka tayar da inji a ɗaki ko gareji a rufe. Hayaƙinsa ɗaya ne da na janareta, wanda ka sha jin ya kwantar da mutanen gida a cikin barci.

Daga nan sai abin da na fi so ka riƙe: manyan notuna ana sassauta su ne tun tayoyi biyu suna ƙasa. Notin aksil a ɗaure yake tamau, wani lokaci ya yi tsatsa, sai ka sa dukan ƙarfinka, wani ma har ya taka sifana da ƙafa. Wannan ƙarfin ba a noti kaɗai yake tsayawa ba, mashin ɗin duka yake turawa. In yana ƙasa, cikin giya, wani ya riƙe birki, babu inda za shi. In yana sama a kan wani abu, lokacin da notin ya saki farat ɗaya shi ne lokacin da yake kifewa. Ka karya ƙarfin notin kawai, kada ka cire shi, sauran kwancewar da yatsu za ka yi bayan ka ɗaga. In an zo mayarwa sai ka juya tsarin: ka ɗaure sama-sama yana sama, ɗaurin ƙarshe sai ya sauka.

Ƙafar gefe don ajiye mashin aka yi ta. Za ka iya goge shi ko ka duba fulogi a kanta, amma da zarar mashin ya matsa gaba kaɗan sai ta naɗe. In za ka bar shi a kanta, ka sa giya ta ɗaya, in da gangare ka fuskantar da shi sama.

Ƙafar tsakiya mai baki biyu ita ce babbar abokiyar aikinka, kuma akasarin mashinanmu suna da ita. Na ga samari majiya ƙarfi suna kokawa da ita suna nishi, alhali dabara ce. Ka tsaya ta hagu, hannun hagu a kan mariƙin hagu, kan mashin a miƙe, hannun dama a kariya ko ƙarfen da ke gefen kujera. Ka danna ƙafar da ƙafarka ta dama har ta taɓa ƙasa, sannan ka ɗan miƙar da mashin har ka ji bakinta biyu duka sun zauna. Kada ka wuce wannan matakin, don wanda ya ɗaga a kan baki ɗaya, can ɗaya gefen mashin yake tafiya ya bar shi riƙe da iska. In sun zauna, sai ka hau da nauyin jikinka a kan madannin, hannun dama yana rakiya sama da baya. Nauyinka ne yake ɗagawa, bayanka ba shi da aiki a nan. 'Yata, ke ma da kike hawa roba-roba zuwa makaranta ko wurin aiki, wannan dabarar ta ishe ki, ba sai kin jira wani ya zo ya kafe miki ba.

Ka riƙa duba ita ƙafar kanta. Mashin da ya sha lodi, ko wanda yara suke hawa suna rausaya a kansa yana kafe, ƙafarsa takan lanƙwashe, ramin da take juyawa a ciki ya buɗe, waldar ta tsage. Alamar ita ce ka kafe shi amma tayar baya ba ta bar ƙasa ba, ko ka ga ya karkata gefe guda. Irin wannan sai an gyara ta tukuna.

Ko lafiyayya ce, tana da hali ɗaya da ƙafar gefe: in aka tura mashin gaba, naɗewa take, domin haka aka tsara ta don ka sauke shi. Kai kuma in kana zaune a baya kana dukan aksil, ko kana tura taya ta shiga wurinta, gaba kake tura shi. Maganin ba shi da tsada. Ka sami igiya mai ƙarfi ka ɗaure ƙafar tsakiyar ka ja ta gaba zuwa tayar gaba ko ƙarfen shasi na gaba, yadda ba za ta iya komawa baya ba. Ka matse hannun birkin gaba ka ɗaure shi da tsumma ko roba, ka sa guntun katako gaba da bayan tayar. Bayan haka ka kama mashin ka girgiza shi da gangan, hagu da dama, gaba da baya, fiye da yadda aikin zai girgiza shi. In zai faɗi, gara ya nuna maka yanzu kana tsaye da hannu biyu.

Ga kuma inda ko masu hankali suke shammatuwa. Mashin da ya zauna daram lokacin da ka fara aiki, ba shi ne mashin da kake da shi bayan ka cire taya ba. A kan ƙafar tsakiya nauyinsa a rabe yake gaba da baya, bambancin ba shi da yawa, shi ya sa za ka iya danna kariya da hannu ɗaya gaba ya tashi. Taya da rim da birkinta kilo da yawa ne, kuma a can ƙarshen mashin suke, inda nauyi ya fi tasiri. In ta baya ka cire, nauyi ya ƙara komawa gaba, tayar gaba ta ƙara dannuwa a ƙasa, wannan da sauƙi muddin ka ɗaure ƙafar. Ta gaba ce mai rikici. Dole ka ɗaga gaban tukuna, kuma da tayar ta fita mashin yakan zauna da baya ba zato. In kuma ta baya ma a cire take, ko ka jingina da kan mashin, sai ya dungura gaba, ƙafafun shokazoba su daki ƙasa, ƙafar tsakiya ta naɗe. Don haka kafin ka zare aksil ɗin gaba ka tanadi ɓangarorin biyu: katako a ƙarƙashin gaban shasi ya tare shi kada ya dungura, tayar baya kuma ta zauna a ƙasa cikin giya. Kada ka cire tayoyi biyu a lokaci ɗaya in ba dole ba. Ka gama da ɗaya, ka mayar, ka koma ɗayar. Duk wani abu mai nauyi da za ka cire, tanki ne ko inji, ka tambayi kanka tukuna: in wannan ya fita, ina mashin zai nufa?

Abin tokarewa kuwa, na san bulo ne ya fi kusa da hannu, kusan kowane gida akwai ragowar na gini. Ina roƙonka ka bar shi. Bulon inci shida ko inci tara cikinsa rami ne, an yi shi ne ya ɗauki nauyin da ya bazu a kansa cikin gini, kuma ka san yadda wasu masu buga shi suke tsuke siminti. In kan ƙarfe ya danne shi a wuri ɗaya, musamman in an kwantar da shi ramukan suna kallon gefe, ba ya yin gargaɗi, rugujewa yake gaba ɗaya. Katako yakan yi ƙara ya lotsa kafin ya gaza, kuma ƙarfe yana kama jikinsa ba ya zamewa. Ka je wajen kafinta ko 'yan katako ka nemi guntaye masu kauri da faɗi, marasa tsaga. In za ka jera su, manya a ƙasa, kuma faɗin jerin ya fi tsayinsa. Gara guntu biyu masu kauri da guda biyar sirara. Galan, bokitin fenti, turmi da kujerar roba duk na ga an sa, kuma babu wanda aka yi don wannan aikin.

Jak ɗin mota yana da amfani, amma a matsayin mataimaki. Kansa ƙarami ne, mashin ba zai zauna a kansa shi kaɗai ba. Amfaninsa shi ne mashin yana kan ƙafar tsakiya, ka sa shi ya ɗan ɗaga gaba. Ka sa katako tsakaninsa da mashin, ka kuma dubi abin da kake dannawa. A wasu mashinan ƙarfen shasi ya bi ta ƙarƙashin inji, nan ne wurin. A wasu kuma injin a rataye yake, cikinsa alminiyam ne da zai iya tsagewa, ga notin juyen mai a wurin. Salansa ba wurin jak ba ce, robobin jikin roba-roba ma haka. Jak mai amfani da mai yakan sauka a hankali da kansa in ya tsufa, don haka da ka kai tsayin da kake so ka cusa katako ya karɓi nauyin. Tsayin ma kada ya wuce buƙata. In taya ta bar ƙasa da faɗin yatsu biyu tana juyawa, ya isa.

Wasu sukan rataye gaban mashin da igiya a rufi ko a reshen bishiya. Katakon rufin kwano, kwano aka yi shi ya ɗauka, ga gara tana cin wani daga ciki ba a sani ba. Robar tub da kuke ɗaure kaya da ita kuma miƙewa take, in ta tsinke fuska take nema. Igiya daga sama tana da kyau ta hana mashin karkata, nauyinsa dai ya zauna a ƙasa. Mai babban mashin da ba shi da ƙafar tsakiya, ya sayi abin ɗagawar da aka ƙera masa. Wanda ya iya sayen irin wannan mashin ba zai kasa sayen abin tsayar da shi ba.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, ka nemi mai taya ka. Amma babba, wanda in mashin ya karkata zai iya mayar da shi. Abin da yake sa gabana faɗuwa shi ne in ga an ce wa yaro ɗan shekara takwas ya riƙe, ana cire taya. Yaron yana jin kunyar ya ce ya gaji, kuma ba zai saki ba ko da ya ga yana faɗowa kansa, don kada a yi masa faɗa. Ƙannenka su tsaya nesa su kalla, in kana so su koya ka ba su miƙo sifana. In kiran salla ya same ka mashin yana sama, kada ka tafi ka bar shi a buɗe. Yaro in ya ga mashin a kafe hawa yake, akuya kuma da shi take sosa jiki. Ka rufe wurin ko ka bar babba a kansa. Shi mai taya ka ma aikinsa ya daidaita mashin ne, kada ya zama shi ne abin da ke riƙe da nauyin alhali hannunka yana ƙarƙashi.

Akwai wata al'ada da nake so ka rabu da ita ko da ka ga manya suna yi. A kafe mashin a ƙafar tsakiya, a tayar da inji, a sa giya, taya tana juyawa ana shafa wa sarƙa mai ko ana goge ta da tsumma. Sauri ne da shi, gaskiya. Amma sarƙa in ta kama bakin tsumma, da yatsun take tafiya zuwa cikin haƙoran da take hawa, kuma kafin ka janye an gama. Irin wannan rauni sau da yawa ba ya ɗinkuwa, yatsan ne yake tafiya. Garin neman gira a rasa ido ke nan. Ka kashe inji, ka sa a firi, ka juya taya da hannu ɗaya a hankali, ka shafa mai da buroshi. Ko a hakan ka kula da inda yatsunka suke, don taya mai nauyi in ta ɗauki juyi ba ta tsayawa nan take. Hannun riga mai faɗi da rawani ko gyale mai lilo, a naɗe su ko a cire.

In duk da haka mashin ya fara faɗuwa, ka sake shi ka ja baya. Na san zuciya ba ta so, musamman in bashi ne ba a gama biya ba, ko na wani ne aka ba ka kana kawo balas. Madubi da fitila da hannun kuloci duk suna nan a kasuwa. Masu tarar mashin da gwiwa ko da hannu ɗaya su ne suke ƙarewa wajen mai ɗori ko a Asibitin Ƙashi na Dala, sati da sati ba aiki, ga balas yana taruwa. In ya kwanta, babu gaggawa. Ka tabbata inji a kashe yake, mai a rufe, giya a ciki don kada ya gangara. In ta dama ya faɗi, ka buɗe ƙafar gefe tukuna don ta tare shi in ya miƙe. Ka juya masa baya, ka tsuguna ƙugunka a jikin kujera, hannu ɗaya a mariƙin da ke ƙasa, ɗaya a ƙarfen baya, ka tura da ƙafafu kana ja da baya da ƙananan taku. Mai sunkuyawa ya fizgo da baya, ciwon da zai samu yakan daɗe fiye da mashin ɗin.

Saukewa ma aiki ne, kuma a nan gajiya take sa a yi sakaci. Ka cire jak da katako, ka kwance igiyoyin da ka ɗaura, ka kawar da kayan aiki daga ƙarƙashi, yatsunka a kan birkin gaba sannan ka tura shi ya sauka. Ka yi ɗaurin ƙarshe. In notin aksil mai fil ne ka mayar da fil ɗin, sabo ya fi, kada ka sa ƙusa a madadinsa. Ka duba ƙarfen da ke riƙe farantin birkin baya da sandar birkin, don su aka fi mantawa. In birkinka na gaba mai faifai ne, kada a matsa hannunsa lokacin da taya take waje, bayan ka mayar kuma ka matsa shi sau da yawa har ya yi tauri. Sarƙa kada ta yi tsauri, yawancin waɗannan mashinan ana bar mata wasa kamar milimita 20 zuwa 30, littafin mashin ɗinka zai faɗa maka nasa. Ka gwada birki biyu kana tura shi da ƙafa a ƙofar gida kafin ka hau titi, balle ka ɗauki wani.

Aikin da ya kai ga sauke inji, ko kwance kan mashin gaba ɗaya, ko wanda ka duba ka ga ba ka da abin da zai riƙe shi yadda ya kamata, ka tura shi wajen bakanike. Babu faɗuwar girma a ciki. Ka zauna kusa da shi ka kalla, ka tambaye shi dalilin da ya sa katako a nan bai sa a can ba, yawancinsu suna jin daɗin mai tambaya cikin ladabi. In ƙarfe mai tsatsa ya yanke ka sosai, ka wanke da ruwa mai tsabta da sabulu ka je asibiti a duba maganar allurar tetanus, kada ka zuba fetur ko baƙin mai a kai kamar yadda ake yi a wasu garejin.

Ɗana, a wannan satin, tun kafin wani gyara ya taso, ka je ka nemo guntayen katako uku ko huɗu masu kauri da igiya mai ƙarfi guda biyu, ka ajiye su wuri ɗaya da sifanunka. In ka ga abokinka ya ɗora mashin a kan bulo ƙaninsa yana riƙe, ka ara masa naka, ka tsaya ka riƙe masa da kanka. Allah ya tsare ku, ya sa albarka a abin hawanku.